Hatimi a Gwangwanin Biskit

Siliga ce ke riƙe da hatimin ƙasa.
Ofishinta ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano
a wani siririn tsibiri, tsakiyar tekun Fasifik,
ga tuta a ƙofa, gishiri ya sha launinta.
Duk cikar wata teku kan shigo ba sallama,
ya bi ƙarƙashin tebur, ya lashi ƙafar kujera.
Sai ta ɗora kundin haihuwa bisa kabad,
ta jefa hatimin cikin gwangwanin biskit,
ta tattare zane, ta ci gaba da rubutu.

Jirgin Talata ya kawo wani lauya
da takalmin da bai taɓa sanin laka ba.
Ya ce a littafinsu ƙafa huɗu ke ɗauke da ƙasa:
jama'a, da gwamnati, da yanki mai iyaka,
da bakin magana a gaban sauran ƙasashe.
Ta dubi ƙafafunsa, ta ce,
"Ta ukun ce ke jiƙa maka safa."

Tsoho Tauala bai iya karatu ba,
amma shekara sittin yana karanta igiyar ruwa.
Ya tare lauyan a gindin kwakwa:
"Jiragen can da ke haska teku da dare
kuɗi suke biya kafin su jefa koma,
don mu ne masu ruwan.
In bishiyar nan ta ƙarshe ta kwanta,
wa za su biya?
Kifi bai san tuta ba, na yarda,
amma masu kama shi sun san ta sarai."
Lauya ya buɗe littafi, ya rufe.
Ya ce ba a taɓa yin ƙasar da ta nutse ba,
shi ya sa babu shafinta.

Babbar maƙwabciya ta aiko da takarda mai laushi.
Ku zo, in ji ta, akwai tudu, akwai aiki, akwai asibiti,
sai dai kafin ku ƙulla abota da kowa
ku fara shawara da mu.
Aka taru a rumfar gari, ruwa iya idon sawu.
Wani ya ce kayan aro ba ya rufe katara.
Wata mai goyo ta ce ita ba katara ta dame ta ba,
rijiyarta ce ta koma gishiri,
gwazarta ta ruɓe a rami,
kuma ba a dama wa yaro kunu da 'yanci.
Aka yi gardama har fitila ta ci manta.
Ba a gama ba. Aka sa wata rana.
Siliga ta rubuta ranar, ta buga hatimi,
don ko rashin matsaya, nasu ne.

Ɗanta Pasuna yana can ƙetare, yana yankan kifi a masana'anta.
Ya aiko da hoton jaririya, da tambaya:
"Inna, 'yar wace ƙasa ce?"
Yarinyar ba ta taɓa jin warin wannan gaɓa ba.
Kabarin kakarta ma, sai ruwa ya janye
ake ganin kan dutsensa.

Daren nan Siliga ba ta runtsa ba.
Shin mulki a yashi yake, ko a harshe,
ko a yardar waɗanda ke nesa, masu manyan jirage?
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
to in ɗakin ya tafi, mai ɗakin fa?

Da asuba ta sauko da kundin,
ta rubuta sunan: Meleta, 'yar Pasuna.
Ta buɗe gwangwani, ta hura wa hatimi iska,
ta danna shi da duk nauyin kafaɗarta.
Tawadar ta ɗan baje saboda laima.
Ta ɗaga takardar sama da kanta
ta bi ruwa zuwa gidan waya.